Mai gabatar da ƙara na gunduma a Amurka: nauyin da ke kansa, da iyakar taimakon su Rotary da Lions

A jaridun ƙananan garuruwan Amurka akwai wani labari da ke yawan dawowa. Mai gabatar da ƙara na gunduma ya halarci taron cin abincin rana na ƙungiyar Rotary ko Kiwanis ko Lions, ya yi jawabi yana kukan ƙarancin lauyoyi da cunkoson shari'u, daga nan 'yan ƙungiyar suka sanar da ranar da za su sayar da karin kumallo don tara kuɗin tallafin ɗalibai. Ga wanda bai saba da tsarin ba, abin da ɗaure kai: me ya haɗa jami'in da ke tura mutane kurkuku da kulob ɗin 'yan kasuwa masu rabon tabarau? Amsar tana cikin yadda mutumin ke samun kujerarsa da kuma inda kuɗin ofishinsa ke fitowa.

Wane ne shi, kuma wa ke biyansa

Amurka tana da gundumomi sama da 3,100. Ƙidayar da Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta yi a 2007 ta gano ofisoshin gabatar da ƙara 2,330 a matakin jihohi, domin a wasu wuraren ofishi ɗaya ne ke kula da gundumomi da dama. Kisan kai, fashi, fyaɗe, sata, dukan iyali da tuƙi cikin maye, galibinsu laifuka ne a ƙarƙashin dokar jiha, saboda haka waɗannan ofisoshi ne ke ɗauke da mafi yawan shari'un laifi na ƙasar. Lauyoyin gwamnatin tarayya da ake yawan gani a labarai ɗan yanki kaɗan suke riƙe da shi.

A Najeriya gwamna ne ke naɗa Antoni Janar na jiha, daraktan gabatar da ƙararraki kuma yana ƙarƙashinsa. A Amurka kuwa, a mafi yawan jihohi jama'ar gunduma ne ke zaɓen mai gabatar da ƙararsu, yawanci na shekara huɗu. Jihohi ƙalilan ne suka fita daban: a New Jersey gwamna ke naɗa na gundumomi 21 na wa'adin shekara biyar, a Alaska da Connecticut ma naɗi ake yi, a Delaware da Rhode Island kuma ofishin Antoni Janar ne ke yin aikin duka. Wanda aka zaɓa ba yaron gwamna ba ne, ba ya kuma jiran umarnin Antoni Janar kafin ya shigar da ƙara ko ya janye ta.

Sai dai 'yancin nan ya tsaya a bakin aljihu. A jihohi da yawa majalisar gunduma ce ke yanke kasafin ofishin, daga harajin gidaje da filaye, kuma tukunya ɗaya ce ake ɗiba don gyaran hanyoyi da ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, da gidan waƙafi. Ofishin gundumar Los Angeles yana da lauyoyi kusan dubu. A wasu gundumomin karkara kuwa lauya ɗaya ne da sakatariya, wani ma aikin na wucin gadi yake yi, yana da nasa ofishin lauya a gefe.

Yadda ƙara ke tafiya

'Yan sanda suna kamawa, amma ba su ke yanke tuhuma ba. Idan an kama mutum ba tare da takardar izinin kotu ba, hukuncin Kotun Ƙoli na 1991 ya ce a ƙa'ida alƙali ya duba dalilin kamun cikin awa 48. A wannan ɗan lokaci wani ƙaramin lauya a ofishin zai karanta rahoton 'yan sanda ya zaɓi ɗaya: ya tuhume shi da babban laifi, ya sassauta zuwa ƙaramin laifi, ya mayar da fayil ɗin a ƙara bincike, ko ya ce babu ƙara. Daga nan sai gurfanarwa da batun beli, sai zaman tantance hujja a gaban alƙali ko gaban babban kwamitin juri na mutanen gari, gwargwadon dokar jihar, sai miƙa wa lauyan wanda ake tuhuma hujjojin da aka tara.

Shari'a a gaban juri, wato mutanen gari da ake zaɓowa su yanke ko an yi laifi, ita ce ake nunawa a talabijin, amma kaɗan ne ke kaiwa can. A wani hukunci na 2012 Kotun Ƙoli ta kawo alƙaluman da ke cewa kashi 94 cikin ɗari na hukunce-hukuncen samun mutum da laifi a kotunan jihohi daga amsa laifi suke fitowa. Ciniki ake yi: ka amsa ƙaramar tuhuma, a janye babbar. Ƙarfin mai gabatar da ƙara a wannan ciniki ya fito fili a shari'ar Paul Hayes ta jihar Kentucky. An tuhume shi da cekin jabu na dala 88 da santi 30, aka yi masa tayin shekara biyar idan ya amsa, aka kuma gargaɗe shi cewa in ya ƙi za a ƙara masa tuhumar mai maimaita laifi. Ya ƙi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai, a 1978 kuma Kotun Ƙoli ta ce tsarin mulki bai hana irin wannan matsin ba. Shekara biyu kafin nan kotun ta riga ta ba masu gabatar da ƙara cikakkiyar kariya daga ƙarar neman diyya a kan aikin da suka yi na gurfanarwa. Abin da ya rage na ladabtarwa shi ne kwamitin ɗa'ar lauyoyi da akwatin zaɓe, kuma sau da yawa mai ci ba ya ma samun abokin karawa.

Inda aikin ke cijewa

Kukan farko a kusan kowane jawabi shi ne na ma'aikata. Sabon lauya yana fitowa da bashin karatu mai nauyi, albashin gunduma kuma bai kai na kamfanonin lauyoyi ba. Dokar tarayya ta 2007 tana yafe ragowar bashin ga wanda ya yi biya 120 yana aikin gwamnati, wato shekara goma, amma da yawa suna koyon tsayuwa a kotu na 'yan shekaru sai su tafi. Duk wanda ya tafi, fayilolinsa a kan teburin na kusa da shi suke sauka, kuma wadda aka yi wa fyaɗe za ta sake ba wani baƙon lauya labarinta daga farko.

Na biyu, kuma wanda ya fi sauya aikin, shi ne bidiyo. Bayan tarzomar 2014 a garin Ferguson, inda ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata, kyamarorin da 'yan sanda ke maƙalawa a ƙirji sun bazu a ƙasar. A ɗauki faɗa a ƙofar mashaya inda 'yan sanda biyar suka je suka yi awa ɗaya. A da rahoto ne mai shafi biyu ko uku. Yanzu bidiyo ne na awa biyar, ga na kyamarar mota, ga na shagon maƙwabta, ga kiran neman agaji da aka naɗa, ga wayar wanda aka kama, wadda tun 2014 ba a buɗe ta sai da izinin alƙali, kuma idan an kwafe ta dubban saƙonni da hotuna ne ke fitowa. Dole wani ya zauna ya kalla, ya rufe fuskokin yara da adireshin shaidu, sannan a miƙa wa ɗaya ɓangaren. Kasafin sayen kyamara na 'yan sanda ne, amma na kallon abin da ta ɗauka sau da yawa ba a tanade shi ba.

Ba a tsallake wannan kallo saboda hukuncin Kotun Ƙoli na 1963 a shari'ar Brady, wanda ya wajabta wa gwamnati bayyana duk hujjar da za ta taimaki wanda ake tuhuma. Abin da ɓoye ta ke jawowa an gan shi a gundumar Williamson ta Teksas. Michael Morton ya yi kusan shekara 25 a kurkuku bisa kisan matarsa, kafin gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke shi a 2011. Cikin abin da ba a nuna wa lauyoyinsa ba har da bayanin cewa ɗansu mai shekara uku ya ce babansa ba ya gida lokacin kisan. Mai gabatar da ƙarar, wanda ya riga ya zama alƙali, ya rasa lasisinsa aka kuma yanke masa kwana goma a gidan yari, jihar kuma ta yi dokar buɗe fayil a 2013. New York ta yi tata daga Janairun 2020, inda bayan gyara aka tsayar da kwana 20 na miƙa hujjoji idan mutum yana tsare, kwana 35 idan yana waje. Masu gabatar da ƙara sun koka cewa ana korar shari'u saboda takardar da ta makara, lauyoyin kare marasa hali suka ce dā can a makance mutane ke amsa laifi. An sake sassauta dokar a 2025.

A kan duk wannan akwai agogo. A Ohio, misali, dole a fara shari'ar babban laifi cikin kwana 270, kuma kowace rana da mutum ya yi a tsare saboda wannan tuhuma ana lissafa ta uku, wato kwana 90 ke nan. Idan ɗakin gwaje-gwaje na jiha bai dawo da sakamakon ƙwaya ko jini ba, ko masanin da ya yi gwajin yana ba da shaida a wata kotun, tunda hukuncin Kotun Ƙoli na 2009 ya ba wanda ake tuhuma damar yi masa tambayoyi ido da ido, sai lauya ya sauke farashin cinikinsa. Haka kuma idan babu lauyan da za a ba mara hali, ko mai taɓin hankali yana jiran gado a asibitin jiha kafin a ce ya cancanci shari'a, fayil ɗin ba ya motsi. Ƙara wa ofishin mai gabatar da ƙara lauyoyi shi kaɗai ba ya warware wannan.

Su wane ne 'yan kulob ɗin

Lauya Paul Harris ne ya kafa Rotary a Chicago a 1905. Exchange ta biyo a Detroit a 1911, Kiwanis a wannan birni a 1915, Lions a Chicago a 1917, Optimist kuma ta zama ƙungiyar ƙasa da ƙasa a 1919. Kowace da abin da aka san ta da shi: Lions da lafiyar ido tun kiran da Helen Keller ta yi musu a 1925, Kiwanis da yara, Rotary da yaƙi da shan inna tun 1985. Wannan na ƙarshe ba baƙo ba ne a arewacin Najeriya. A Kano aka kafa kulob ɗin Rotary na farko a ƙasar a 1961, kuma lauyan Kano Jonathan Majiyagbe ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya, daga 2003 zuwa 2004.

A ƙaramin gari kulob yana nufin mutane 'yan gommai, manajan banki, mai sayar da inshora, likitan haƙori, shugaban makaranta, tsofaffin ma'aikata, suna haɗuwa mako-mako ko sau biyu a wata. Kuɗinsu daga kuɗin mamba yake, da sayar da abinci, da gasar golf, da gwanjo. Yawan mambobi a Arewacin Amurka ya daɗe yana raguwa, waɗanda suka rage kuma shekaru sun ja. Abin da irin wannan kulob ke tarawa a shekara zai biya tallafin ɗalibai da rigunan sanyi na yara, amma da wuya ya riƙe albashin lauya ɗaya shekara bayan shekara.

Inda suke haɗuwa

Amfani na farko ga mai gabatar da ƙara shi ne kunnuwan da ke ɗakin. Mutanen da ke zaune a teburan nan su ne masu biyan harajin gine-gine mai yawa, su ne ke iya kiran kwamishinan gunduma a waya ya ɗauka, wani lokaci ma kwamishinan ɗan kulob ne. Jawabin da ake yi kafin zaman kasafi neman goyon baya ne, ko da ba a faɗa ba.

Taimako na zahiri kuma yana zuwa ne a gefen shari'a, kafin ta fara ko bayan ta ƙare. Misali mafi ƙarfi shi ne cibiyoyin kula da yaran da aka ci zarafinsu. Ta farko ta buɗe a Huntsville ta Alabama a 1985, bisa jagorancin mai gabatar da ƙara na gundumar Madison na lokacin, Bud Cramer. Maimakon ɗan sanda da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da likita da lauya kowa ya yi wa yaro tambayoyi daban, sai ƙwararre ɗaya ya zauna da shi a ɗaki mai kujeru daidai tsayinsa, ana naɗa, sauran suna kallo ta allo daga wani ɗakin. Yaro ya huta da maimaici, shaidarsa kuma ba ta karkace ba. Yau akwai irinsu sama da 900, da yawansu ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da ke karɓar gudummawa, kuma nan ne kuɗin kulob ke shiga ba tare da matsala ba: kayan ɗaki, na'urar naɗa, kuɗin mai ba da shawara. Exchange ta ɗauki hana cin zarafin yara a matsayin babban aikinta tun 1979.

Akwai kuma shirye-shiryen kaucewa kotu, inda mai ƙaramin laifi na farko zai biya diyya, ya yi aikin al'umma na wasu awoyi, a rufe fayil. Irin wannan yana buƙatar wurin aiki da babban mutum da zai sa hannu cewa an yi. Haka kotunan masu shan ƙwaya, waɗanda suka faro a Miami a 1989, suna buƙatar ƙananan abubuwan da kasafi ba ya ɗauka, kamar tikitin bas na zuwa gwajin fitsari da mai shago da zai ɗauki tsohon mai laifi aiki.

Gundumar Wayne ta Michigan ta nuna nisan da gudummawa ke iya kaiwa da inda take tsayawa. A 2009 aka gano fakitin shaidar fyaɗe 11,341 a wani ɗakin ajiyar 'yan sandan Detroit, galibi ba a taɓa gwada su ba. Mai gabatar da ƙara Kym Worthy ba ta da kuɗin gwajin. A 2015 aka ƙaddamar da gidauniya tare da wata gidauniyar matan Michigan da hukumar yaƙi da laifuka mai zaman kanta ta Detroit, ƙungiyoyin mata baƙar fata suka shiga suna tara dala 490, kuɗin gwada fakiti ɗaya. An haɗa da kuɗin jiha da na tarayya, gwajin ya ɗauki kusan shekara goma, ya kuma tono ɗaruruwan mutanen da ake zargi da maimaita fyaɗe. Amma sakamakon gwaji mafari ne kawai. Nemo matar bayan shekara ashirin, da shaidu, da tsayawa a kotu, aikin masu bincike da lauyoyi ne masu albashi.

Layin da ba a ƙetarewa

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kotuna ma sun san da haka. A Kalifoniya kamfanin manhaja na Borland ya biya kusan dala 13,000 na kuɗin binciken da ofishin gundumar Santa Cruz ke yi kan satar sirrin kasuwancinsa. A 1996 Kotun Ƙolin jihar ta ce irin wannan taimako daga wanda ya kawo ƙorafi na iya zama dalilin cire ofishin daga shari'ar. Shi ya sa ake kai gudummawa ga gidauniya daban, ba a ɗaura ta da wata shari'a ba.

Ƙa'idojin ɗa'ar lauyoyi sun kuma hana mai gabatar da ƙara yin kalaman da za su gurɓata shari'ar da ke gudana, ga shi kuma masu sauraronsa na iya zama 'yan juri gobe. Idan ɗan wani abokinsa na kulob ya faɗa hannu, hanyar da aka sani ita ce a nemi alƙali ko Antoni Janar ya naɗa wani lauya daga waje. Tsarin mulkin kulob na Rotary ya hana goyon bayan ɗan takara, gidauniyoyin da ba sa biyan haraji kuma doka ta hana su kamfe tun 1954. Duk da haka mai ci yana samun dandalin da abokin hamayyarsa ba ya samu cikin sauƙi. Akwai kuma tambayar wa ke ɗakin: masu shaguna da aka yi wa sata suna nan, amma iyalan waɗanda ke tsare da 'yan unguwannin da aka fi yin harbi ba kasafai suke cin abincin rana a can ba.

Saɓanin manufa

Ɓangare ɗaya na ganin maganin cunkoso shi ne a rage shigar da ƙananan laifuka, a rage neman belin kuɗi, a tattara ƙarfi kan masu tashin hankali. Da wannan Kim Foxx ta ci gundumar Cook ta Chicago a 2016, Larry Krasner ya ci Philadelphia a 2017. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da binciken 2021 a kan gundumar Suffolk ta Boston, wanda ya gano cewa waɗanda ba a gurfanar ba kan ƙananan laifukan da babu tashin hankali sun fi ƙarancin dawowa kotu cikin shekara biyu.

Ɗaya ɓangaren na cewa majalisa ce ke yin doka, ba hurumin lauya ɗaya ba ne ya soke wani sashe nata da sanarwa, kuma ƙyale satar kanti da cinikin ƙwaya a titi talakawan unguwa yake fara cuta. Masu zaɓe sun tsige Chesa Boudin a San Francisco a 2022, George Gascón ya faɗi a Los Angeles a 2024, gwamnan Filorida kuma ya dakatar da zaɓaɓɓun masu gabatar da ƙara biyu a 2022 da 2023, ko da yake ɗayarsu, Monique Worrell, ta sake cin kujerarta. Alƙaluman ƙasa ba su raba gardamar ba: kisan kai ya tashi da kusan kashi 30 cikin ɗari a 2020, a yankuna masu tsauri da masu sassauci, ya kuma sauka sosai a 2023 da 2024.

Akwai wani lissafi da ba a cika faɗa a gaban kulob ba. Gidan waƙafi na masu jiran shari'a da masu gajeren ɗauri gunduma ke biya, kurkukun dogon ɗauri kuwa jiha. Wanda aka ɗaure shekara biyar ya fita daga kasafin gunduma, wanda aka sa a shirin gyaran hali a gida yana iya zama a kan gundumar.

Abin da ya shafi mutum

Ga wanda aka zalunta, ƙarancin ma'aikata na nufin ɗage zama da tayin sasantawar da bai so ba, domin ƙarar ta jiha ce, ba tasa ba. Jami'an da ke raka shi kotu da sanar da shi ranakun zama, da yawansu ana biyansu ne daga asusun tarayya da dokar 1984 ta kafa, wanda tarar manyan shari'un tarayya ke cikawa. Kason jihohi ya ragu sosai a 2024, ofisoshi da mafakar mata suka koma neman gudummawa. Diyyar jiha tana ɗaukar kuɗin asibiti da jana'iza da albashin da aka rasa, amma yawanci ba ta biyan dukiyar da aka sace, kuma a jihohi da dama sai an kai rahoto cikin wa'adi.

Ga wanda ake tuhuma kuma ba shi da kuɗin beli, jinkiri matsi ne. Mutum na iya amsa laifin da zai iya karewa don kawai ya fita yau kafin ya rasa aiki da gidan haya.

Baƙi mazauna Amurka, har da masu katin zama na dindindin, su ne suka fi buƙatar lura da abin da ke cikin takardar sasantawa. A dokar shige da fice, laifin sata da aka yanke wa shekara ɗaya, ko da an dakatar da ɗaurin, yana shiga rukunin da ke kai ga korar mutum daga ƙasar. Saboda haka ne jihohi irin su Kalifoniya da New York suka mayar da iyakar hukuncin ƙaramin laifi kwana 364. Shirin kaucewa kotu ma iri biyu ne. Idan an shiga kafin amsa laifi, galibi ba a lissafa shi a matsayin hukunci. Idan kuwa sai an amsa laifi a gaban alƙali an kuma ɗora sharaɗi, hukumar shige da fice tana ɗaukar sa a matsayin an same ka da laifi ko da kotun jiha ta rufe fayil ɗin daga baya. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 a shari'ar Padilla wajibi ne lauyan da ke kare mutum ya faɗa masa wannan haɗari kafin ya sa hannu.